Mai Tsoron Gida

Kalgo, 2 ga Disamba

Zuwa ga Kakana Malam Abdulgani, tsohon hedimasta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina hwata kana lafiya, kai da matata Habiba da kake ta riƙe mini shekara da shekaru. Na san sai an bi ta kan kakata Jidda an tsallaka ɗakin mahaifiyarka kafin a gano inda muka haɗu, amma jika dai jika ne. Mu nan lafiya lau, sai injinan ban-ruwa da suka yi mini yawa a shago, kowa na son nasa ya tashi kafin dashen shinkafa.

Na so in kira ka a waya, sai na tuna wancan karon da na ce maka an yi mana haihuwa ka ce Allah ya jiƙan musulmi. Shi ya sa na rubuto ta hannun Muzzammil direba.

Labari ya iske ni cewa likita a Birnin Kebbi ya ce kunnenka bai mutu ba, na'urar ji kawai yake so, amma da ka ji dubu ɗari huɗu ka ce a kai kasuwa. Na kuma ji an sa ranar saukar Zahra'u, ɗiyar marigayiya Halima, tsakiyar Sha'aban. Jikar da ka rena tun tana goye za ta yi karatu gaban jama'a kai kana zaune ba ka jin komai. Abin bai yi mini daɗi ba, kuma ina ganin na samo hanya.

Ka tuna cingam mai hoto na kwabo goma, wanda ake samun katin ɗan ƙwallo a ciki? Ka kuma tuna wani mugun hedimasta da ke lalube aljihunmu yana ƙwacewa yana zubawa a gwangwanin biskit? To, wani malamin jami'a, Sirajuddeen, ya kawo mini gyaran janareta, ya nuna mini a wayarsa akwai masu sayen katunan nan a Legas. Ya ce bugu biyu kamfanin ya yi. Na farko takarda mai kauri, kala ras, kuma kaɗan aka buga. Na biyu marar kauri ne, ya cika gari, ko kyauta ba a so. A cikin bugun farko akwai lamba sha bakwai, golan nan Anas Dogo. Maimakon su rubuta "mai tsaron gida" a ƙarƙashin hotonsa, sai suka rubuta "mai tsoron gida". Da Anas ya gani ya yi tsalle ya dire, kamfani ya janye, waɗanda suka fita ba su fi ɗari biyu ba. Shekara goma da suka wuce dubu biyar aka sayar da ɗaya. Bara, in ji Sirajuddeen, dubu ɗari huɗu da hamsin, in dai katin na da lafiya.

Kaka, ni na taɓa samun katin nan ina aji biyar. Kwana biyu ya yi a hannuna ka raba ni da shi. In gwangwanin na nan, ka nemo shi ka duba kuskuren da kyau, sannan a sa shi a leda kada ya lalace. Na bar maka shi halak malak, a sayar a sayo kunne.

Jikanka,
Ɗalha Makaniki

*

Gwandu, 6 ga Disamba

Zuwa ga Ɗalha, wanda ya maimaita aji huɗu,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, alhamdu lillahi, sai gwiwa da ke ɗan taɓa ni in sanyi ya sauko. Habiba ta ce in gaya maka mijin da ba ya aiko ko busasshen kifi ba miji ba ne.

Na karanta takardarka sau biyu. "Fata" ake rubutawa, ba "hwata" ba. Bakinmu ne ke cewa hw, takarda ba ruwanta. Na ba ka shida bisa goma, don rubutunka ya ɗan miƙe.

Gwangwani na nan a ƙasan akwati tare da takardun fanshona. Kuma ka gyara bakinka, ni ban ƙwace kayan kowa ba, ajiya na yi. Na samo lamba sha bakwai, wallahi sai da na ji kunya a madadin wanda ya buga. Kamfani guda, da injuna da ma'aikata, a rasa mai bambance tsaro da tsoro? Kuma a kan wannan ne za a ba da dubu ɗari huɗu? Ko dai Sirajuddeen ɗinka ya cika surutu, ko kuɗi sun yi wa mutanen Legas yawa.

Batun kunne ban so ka ji ba, amma tunda ka ji, gaskiya ne. Shekara bakwai ke nan ban ji muryar Zahra'u ba, tun tana 'yar shekara biyar tana cewa Kaka ba ni nera. Kullum da safe takan zauna kusa da ni ta yi tilawa, ina kallon bakinta ina gyaɗa kai. Ta san ba na ji, ni ma na san ta sani. Ina son in ji saukar nan, Ɗalha, ba zan ɓoye maka ba.

Tunda katin naka ne ka kuma bar mini, na karɓa, Allah ya yi maka albarka. Ranar Alhamis in na amso tabarauna daga wurin gyara zan duba shi yadda ka ce, jan birona bai bushe ba tukuna. Leda kuwa akwai mai shago a bakin kasuwa da ya yi wa takardar haihuwar Zahra'u, aikinsa na da kyau.

Kakanka,
Abdulgani

*

Kalgo, 7 ga Disamba

Kaka,

Salamu alaikum, muna lafiya, ina fata (da f) kuna lafiya.

Don girman Allah ka ajiye jan biron nan. Da na ce ka duba, kallo nake nufi, da ido, ba irin dubawar da kake yi wa littattafanmu ba. Kuskuren nan shi ne kuɗin. Leda kuma 'yar fara nake nufi, irin wadda ake zuba magani a kemis, a zura a zaro, ba wadda ake gasawa da inji ta manne ba. Kada ka kai shi bakin kasuwa. Kada ka goge, kada ka yanke, ko iska kada ka hura masa.

Na ba Muzzammil na goro ya rantse mini zai kawo maka wannan yau-yau.

Ɗalha

*

Gwandu, 13 ga Disamba

Ɗalha,

Bayan sallama, muna lafiya, gwiwar ma ta yi sauƙi. Shiru ban ji daga gare ka ba, na ce ko injinan mutane sun danne ka.

Ga katinka nan cikin ambulan, an gama komai. Na zagaye "o" ɗin da ja, na rubuta "a" a samansa, na sa hannu da kwanan wata a gefe yadda aka saba. Mai shago ya yi masa leda mai kauri irin ta satifiket, ya kuma bi kusurwoyin da almakashi don kada su soki mutum. Yanzu ko a gulbi ya faɗa ba abin da zai same shi. Da na ga aikin ya yi kyau sai na ce a yi wa sauran na cikin gwangwanin duka, fiye da ɗari biyu, ya kuwa yi mini ragi.

Ka gaya wa mutumin Legas ba sai ya ƙara komai a kan gyaran ba, na yi shi ne saboda Allah.

Abdulgani

Ƙari: ina cikin liƙe ambulan Muzzammil ya shigo da wata takardarka duk baƙin mai, wai kwana shida tana ƙarƙashin kujerar mota, tun ranar da ya yi faci a Kambaza. Yana sauri, don haka na ba shi wannan ya wuce. Taka zan karanta bayan la'asar.

*

Kalgo, 18 ga Disamba

Kaka,

Salamu alaikum. Lafiyar jiki dai akwai. Ka gaida Habiba.

Da na buɗe ambulan ɗinka, zama na yi a kan injin da na kashe yanzu-yanzu, sai da wandona ya fara ƙauri na san da zafi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Duk da haka ban fid da rai ba. Na kai wa Sirajuddeen, ya ɗauki hotonsa gaba da baya ya tura wa mutumin Legas. Ashe su ma maki suke bayarwa bisa goma kamar kai. Suna duban kusurwa, da kala, da ko hoton ya zauna a tsakiya, da ko an taɓa lanƙwasa shi. Mutumin ya ce bugun farko ne na gaske, shekara shida yana nemansa, kuma da an bar shi yadda yake, gabansa kaɗai takwas zai ci, don gwangwaninka ya tsare shi sosai. Sai ya tambaya wa ya yi masa wannan aika-aika. Na ce wani tsohon malami ne. Ya ce a gaishe shi, ya samu ɗaya bisa goma.

Ya kuma ce ko ba leda, rubutun da ke baya zai rage kuɗin. Sai a lokacin na juya katin, na ga hannunka: "Ɗalha Mamman, aji 5B, 12/3/1987, an kama shi yana kallo lokacin lissafi." Kaka, haka ka yi wa duka?

Dubu uku ya taya, wai don ya riƙa nuna wa mutane yadda ba a yi. Na ce albarka.

Laifina ne. Ni na rubuta wa mutumin da ya shekara talatin da biyar yana duba cewa ya duba. Ka yafe mini.

Ɗalha

*

Gwandu, 9 ga Janairu

Ɗalha,

Bayan sallama, muna nan da rai. Na san na yi mako uku ban amsa ba. Fushi nake, kuma ba da kai kaɗai ba.

Ɗaya bisa goma. Ni Abdulgani, wanda sufeton makarantu bai taɓa samun ɗigo a karkace a rajistata ba. A duniyar da ake ba kuskure takwas a ba gyara ɗaya, ai gara da na kurmance. Da na karanta wa Habiba ta yi dariya har da riƙe ciki. Ban ji ba amma na gani, kuma ganin ya fi ciwo.

I, haka na yi wa duka, suna da aji da rana da laifi. Amana ce, in ban rubuta ba ta yaya zan san mai shi?

Ba laifinka ba ne. Ka rubuto gargaɗi, a motar Muzzammil takardar ta kwana shida, kuma ko da ta zo da wuri ban tabbata hannuna zai iya barin "tsoro" a wurin "tsaro" ba. Hali zanen dutse.

Na haƙura. Ranar sauka zan zauna a gaba in kalli bakinta, in na ga jama'a sun shafa in shafa. Da ma na yi gangancin gaya mata za a sayo kunne, don haka dole na gaya mata ba za a sayo ba. Ta ɗauki birona ta rubuta a tafin hannunta, "ba komai Kaka Allah yana ji". Ba babban harafi, ba waƙafi, amma ban iya gyara mata ba, ɗaki na shiga.

Kada ka ƙara tayar da maganar nan.

Abdulgani

*

Kalgo, 15 ga Janairu

Kaka,

Salamu alaikum, muna lafiya, ina gaida gwiwa.

Ka ce kada in tayar da magana, kuma ban tayar ba, ita ta tashi da kanta. Akwai zaure da tsofaffin ɗalibanka muke da shi a waya, inda ba a komai sai sanarwar rasuwa da gardamar siyasa. Na sa hoton bayan katina ne kawai don a yi dariya. Kafin in ɗaure noti biyu wayata ta fara kuka kamar za ta fashe.

Aminu, wanda yanzu alƙali ne, ya ce lamba tara tasa tana wurinka, kuma har gobe yana jin zafinta. Abdulhakeem mai albasa ya ce huɗu ka amshe masa rana ɗaya. Hajjo, wadda take nas a Sakkwato, ta ce nata sun fi na kowa yawa, don ita cinye na maza take yi a wasan jifa. Mutane masu furfura, Kaka, suna ta rantsuwa a kan takardar cingam. Kowa na son ya ga abin da ka rubuta a kansa.

Ka ga ikon Allah. Mutumin Legas ya ce rubutunka ya kashe kati, su kuma rubutun suke so. Aminu ya taya nasa dubu hamsin, alhali bugu na biyu ne, irin wanda na ce maka ko kyauta ba a so. In kowa ya sayi nasa, kunne biyu ma za a samu har da canji. Saura wata guda cif. Ka ba ni izini in fara karɓa.

Ɗalha

*

Gwandu, 19 ga Janairu

Ɗalha,

Wa alaikumus salam, lafiya lau.

Ban yarda ba. Ta yaya zan sayar wa mutum kayansa? Naka ka ba ni da bakinka, wannan daban. Shi kuma alƙalin da ya taya, a ce masa ya koma ya karanta babin amana.

Ranar da na karɓi katin kowane yaro, magana ɗaya na faɗa masa: ka zo da ubanka ka karɓa. Ba wanda ya zo, kuma ban janye dokar ba. Ka sanar a zauren naku, ranar Asabar ɗaya ga Fabrairu, ƙarfe takwas na safe, a ƙofar gidana. Kowa ya zo da ubansa. Wanda nasa ya rasu, kamar kai, Allah ya jiƙan Mamman, ya zo da ɗansa ko ɗiyarsa, in gaya musu abin da ubansu ke yi lokacin lissafi. Ko sisi ba zan karɓa ba.

Abdulgani

*

Kalgo, 13 ga Fabrairu

Kaka,

Salamu alaikum. Ka yi mini afuwa, ban zo ranar Asabar ba, kuma jibi ma saukar ba zan samu ba. Wani ƙaton inji ya suɓuce mana ya sauka a kan ƙafata, mai ɗori ya ce in na taka kafin wata guda shi da ni. Ga turmin atamfa nan a ba Zahra'u, ga kifi kuma a toshe bakin Habiba.

A zaure kowa da irin labarin da yake bayarwa, har na rasa na kamawa. Ni daga hannunka nake so in ji. Ka rubuto mini komai, kada ka rage.

Ɗalha

*

Gwandu, 17 ga Fabrairu

Zuwa ga jikana Ɗalha,

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙafa, Allah ya sa kaffara ne. Atamfa da kifi sun iso, Habiba ta ce aure na nan.

Ranar Asabar ɗin, tun bakwai da rabi motoci suka toshe mana lungu. Mutanen sun fi arba'in. Na sa aka fitar da teburina, na sa su layi, gajere gaba dogo baya. Abdulhakeem ne kaɗai ya cika doka sosai, ya ɗauko tsohonsa daga Maruda, mutum ya doshi casa'in. Da na karanta laifin, cewa kuɗin da aka ba shi ya sayo littafi ne ya sayi cingam da su, sai na ga tsohon ya ɗaga sanda ya ɗana masa a gadon baya, mutum mai jikoki uku. Aminu ya zo da ɗiyarsa, na gaya mata ubanta musayar kati yake yi da ƙosai a bayan aji. Hajjo ta tafi da goma sha ɗaya. Wasu sun karɓa suna dariya, wasu kuma da suka ga ranar da aka rubuta sai suka juya baya suna goge ido.

Da aka gama na ce a watse, suka ƙi. Aminu ya miƙo mini takarda, ga abin da ke ciki: "Malam, a dokar makarantarka wanda ya makara sai ya biya tara. Ka ce mu zo, mun makara da shekara talatin da takwas. Ga tararmu." Suka turo mini gwangwanin da ban daɗe da juyewa ba, a cike da kuɗi. Na karanta takardar sau uku ina neman kuskure, ko a rubutun ko a hukuncin, ban samu ba. Na san da hannunka a ciki, duk da kana kwance. Na karɓa.

Sai da aka aika aka kawo na'urar, ba ta iso ba sai ranar Juma'a, jajibirin sauka. Da likita ya maƙala mini, abin da na fara ji a duniya shi ne Habiba tana ce masa, "Likita, ba a rage mata ƙarfi kaɗan? Akwai maganganun da na saba yi a gabansa." Zan yi bincike a kan wannan daga baya.

Zahra'u tana gidan gwaggonta ana mata lalle, ba ta san an kawo ba, ni kuma na ce kada a gaya mata. Da safe na ja hula ta rufe kunnen na zauna a gaba. Aka fito da ita, ta durƙusa gaban malaminta da allon zayyana, ta ja bisimilla.

Ɗalha, muryar Halima ce. Ba kama nake cewa ba, ita ce, har yadda take ɗan haɗiye numfashi kafin ta ja madda. Shekara goma sha biyu da na binne ɗiyata, ashe ta bar mini muryarta a gida, kullum safe tana gefena, ba wanda ya gaya mini.

Sai na lura yarinyar ba malamin take fuskanta ba, ni take fuskanta, tana ta ɗaga murya har jijiyar wuyanta ta fito, ko Allah zai sa wani abu ya ratsa. Malamin na mata alama da hannu ta sassauta, ta ƙi. Ban san lokacin da na ce, "A hankali, Zahra'u, ina ji" ba.

Ta tsaya a tsakiyar aya tana kallona. Na ɗaga hular na nuna mata. Daga nan karatu ya gagara, ita kuka, ni kuka, a gaban mutanen gari. Da ta natsu malamin ya ce tunda an yanke, sai dai a sake daga farko, ya juyo yana ba ni haƙuri. Na ce masa ba komai, Malam, a sake.

Kakanka,
Abdulgani